Daga Siton Dankali Zuwa Filin Badminton: Kundin Aikinmu a Jos

Talata, 12 ga Maris, 2024

Yau azumi biyu. Jiya bayan tarawi na ga labarin a waya: Anuoluwapo Opeyori ya sake cin lambar zinare a badminton na maza 'yan ɗai-ɗai a Wasannin Afirka da ake yi a Akra ta ƙasar Gana. Wanda ya kara da shi a wasan ƙarshe ma namu ne, Godwin Olofua, ka ga zinare da azurfa duk gida suka nufo. Karo na biyu ke nan a jere ga Opeyori, don shi ya ci na Maroko a 2019.

Da safe, kafin mu buɗe littafin lissafi, na tambayi 'yan ajina ko akwai wanda ya san sunan. Shiru. Na ce to wa ya ci mana ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan watan jiya? Ban rufe baki ba aji ya ɗauka: Troost-Ekong! Wasan da aka doke mu fa ke nan, 2-1.

Abin ya tsaya mini a rai saboda ni ma ɗan wasan ne a da. A Oktoban 2003, lokacin da Abuja ta karɓi baƙuncin Wasannin Afirka, waɗanda muke kira COJA, yayana ya tafi da ni kallo. A shekarar aka fara saka badminton cikin gasar. Rana ce ta koro ni cikin zauren, na fito da ciwon wasan da bai sake ni ba sai da aure da aiki suka shiga tsakani. Raket ɗina biyu suna saman kabad har yau, igiyar ɗaya ta tsinke don kanta.

Na ƙudura in nemi wuri mai rufi a nan Jos, in zana fili ɗaya, in tara yara maza kaɗan, in koya musu wasan ɗai-ɗai yadda ake yinsa a gasa. Abin da ya faru, mai daɗi da marar daɗi, a nan zan riƙa rubuta shi.

Asabar, 23 ga Maris

Wuri ya samu. Wani dattijo da muke sallah a masallaci ɗaya yana da tsohon sito ta wajen Farin Gada, inda yake tara buhunan dankalin Turawa a da kafin a yi lodi zuwa Kudu. Ya bar harkar, siton yana kulle, ba kowa sai ɓeraye da warin ruɓaɓɓen buhu. Na same shi bayan la'asar na zayyana masa.

"Malam, wasan nan da ake buga gashin kaza? Ni na ɗauka na 'yan mata ne a tsakar gida."

"Ranka ya daɗe, in Allah ya kai mu bayan sallah ka zo ka tsaya minti biyar a ciki. In ba ka nemi ruwa ba, in biya haya ninki biyu."

Ya yi dariya har da tari, ya ce babu zancen haya, in dai zan gyara ƙofa in kuma kori samarin da ke shan sigari a bayan ginin.

Na auna. Cikakken fili tsawonsa mita 13.40 ne, faɗinsa mita 6.10. Siton mita 17 ne da mita 9, saboda haka akwai wurin ja da baya da wurin tsayuwar 'yan kallo. Matsalar tana sama. Tsakiyar rufin ta ɗan haura mita 7, kuma akwai katakai da suka gitta ƙasa da haka. A Olamfik mita 12 ake bukata daga daɓe zuwa rufi. Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa, amma da hanau gara mannau.

Wani abokin aikina ya ce me zai hana in kafa raga a filin makaranta kawai. Ban yi masa dogon bayani ba, na ɗora masa shatil a tafin hannu. Gashin dinya ko na agwagwa ne guda 16 aka soka a ɗan dunƙulen toshiya, duka nauyinsa bai wuce giram biyar da rabi ba. Iskar Jos da ke ɗage wa mutum hula, me za ta yi da wannan?

Asabar, 20 ga Afrilu

An yi sallah ranar 10 ga wata, muka koma aiki. Shara kwana biyu, toshe ramukan daɓe kwana ɗaya, sannan zane. Kowane layi faɗinsa santimita 4. Layin sabis, wato bugun fara wasa, na gaba yana nesa da raga da mita 1.98. Na zana layukan wasan bibbiyu duka, ko da yake ba su ne a gabanmu ba: a ɗai-ɗai layin gefe na ciki ake bi, faɗin ya koma mita 5.18, tsawon kuwa har layin ƙarshe, a sabis da a wasa. Filin ɗai-ɗai dogo ne siriri, kuma duk wahalar wasan daga wannan siffa ta samo asali.

Mai walda ya kawo sandunan raga mita ɗaya da rabi cif. Na ce 1.55 na rubuta masa. Ya ce, "Haba Malam, santi biyar ai ba ta kashe kowa." Na ce ta kashe, don a tsakiya ma raga 1.524 take, wato tsakanin sanda da tsakiya wajen santi biyu da rabi ne kawai, a kansu ake ci ko a faɗi. Ya mayar ya ƙara, yana gunaguni.

Kuskurena na farko: na sa an yi wa bango farar ƙasa don wurin ya yi haske. Da na buga shatil sama, sai ya ɓace mini a ido, fari a kan fari. Dole muka sake bin bangon gabas da na yamma da koren fenti mai duhu. Kuɗin da na ware na gyara igiyar raket ya tafi a nan.

Asabar, 11 ga Mayu

Rana ta farko. Yara tara, daga ɗan shekara 11 zuwa ɗan 16. Duk wanda na miƙa wa raket sai ya dunƙule ta kamar tabarya. Awa guda muka yi a kan riƙo kaɗai: ka juya raket a kan gefenta, ka kama ta kamar za ka yi musabaha da ita, yatsu a sake, ba a matsewa sai lokacin duka.

Uku na sa wa ido. Akwai ɗan ƙanwata, shekara 15, dogo, kafaɗa kamar ta mai dako, yana da ƙarfi kuma ya san yana da shi. Akwai wani bahago daga Anguwan Rogo, shiru-shiru, ba ya tambaya sai kallo. Sai ƙaramin cikinsu, wanda raga ta fi shi tsayi, amma ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya.

Yaran sun raɗa wa bugu sunaye da kansu, na bar musu. Wanda ake ɗagawa sama ya sauka can baya, doguwa. Wanda ake saki ya faɗa bakin raga, saki. Simash kuwa, wato dukan ƙarfi da ake saukewa ƙasa, guduma.

Alhaji mai sito ya zo kamar yadda muka yi. Minti uku ya yi, ya zauna a kan benci, ya ce a ba shi ruwa.

Lahadi, 9 ga Yuni

Damina ta kankama. In ruwa ya sauko a kan kwanon nan, ko ihu ka yi ba mai jinka, ranar Alhamis har da ƙanƙara. Rufin yana yoyo a wuri biyu, ɗaya daidai kusurwar baya ta dama. Siminti mai laima kuwa santsi ne, ba na son a kai ɗan mutane wurin ɗori. Ranar da aka yi ruwa ba ma buga shatil, sai aikin ƙafa a ɓangaren da ya bushe.

A nan yara suka fara raguwa. Aikin ƙafa ba shi da daɗin kallo, ba shi da daɗin yi. Ka tsaya a tsakiyar fili, in nuna kusurwa da hannu, ka je ka yi kamar ka buga, ka dawo tsakiya. Kusurwa shida ne: biyu a bakin raga, biyu a gefe, biyu a baya. In za ka gaba, ƙafar hannun da ke riƙe da raket ce ke miƙawa, diddige ya fara sauka, gwiwa kada ta wuce yatsu. In za ka baya, a karkace ake tafiya, ba a juya wa raga ƙeya. Kuma duk lokacin da abokin karawa zai taɓa shatil sai ka yi ɗan tsalle ƙanƙani ka sauka a buɗe, shi ke ba ƙafa damar zabura ko ina.

A wasan bibbiyu kana da wanda zai rufe maka ɓaraka. A ɗai-ɗai kai kaɗai ne, duk inda ka bari a buɗe nan za a jefa. Gwanin ɗai-ɗai shi ne wanda ya iya komawa tsakiya kafin shatil ya dawo, ya kuma iya hana abokin karawarsa komawa. Na faɗi wannan sau nawa, ban sani ba. Ɗan ƙanwata ya gaji ya ce:

"Kawu, ni fa guduma na zo koya. Na gani a waya wani ɗan Indiya ya buga ta kilomita 565 a awa."

Gaskiya ya faɗa. Satwiksairaj Rankireddy ne, a 2023, kuma an rubuta shi a kundin bajinta na duniya. Na ce masa ya koma wayar ya duba wane irin wasa mutumin yake yi. Washegari ya dawo yana sosa kai: ɗan wasan bibbiyu ne.

Saura yara shida.

Asabar, 6 ga Yuli

Wasan farko da ƙirgen maki. Tun 2006 tsarin shi ne duk wanda ya ci bugu ya ci maki, ko shi ya yi sabis ko ba shi ba. Turmi uku ne, wanda ya ci biyu ya yi nasara, kowane turmi maki 21. In aka yi 20-20 sai wani ya ba da ratar biyu, in aka kai 29-29 wanda ya fara taɓa 30 ya ci. In makinka cika ne ka yi sabis daga dama, in mara ne daga hagu. Ana hutun daƙiƙa 60 in wani ya kai 11, da minti biyu tsakanin turmi da turmi. Na ɗaura zare a bango a tsayin mita 1.15, don doka tun 2018 ita ce shatil ya kasance ƙasa da wannan tsayi a lokacin da raket ta taɓa shi a sabis.

Ɗan ƙanwata da bahago. Turmin farko ɗan ƙanwata ya yi ta sauke guduma, ya ci 21-14, yana duban fuskata. A na biyu bahago ya gano cewa in ya tare gudumar a hankali ta faɗa bakin raga, mai dukan ba ya iya isowa, don duk ƙarfinsa ya zube a baya. 21-12. Turmi na uku ɗan ƙanwata yana haki kamar wanda ya hau dutsen Shere da gudu, 21-7. Ya jefar da raket, na sa ya ɗauka ya ba abokinsa hannu. Uwarsa ta kira ni da daddare: "Yaya, me ka yi wa yaron nan ya ƙi cin tuwo?"

Alhamis, 1 ga Agusta

Ranar 26 ga Yuli, a bikin buɗe Olamfik na Faris, Opeyori ne ya riƙe tutar Najeriya tare da Tobi Amusan, a cikin jirgin ruwa, ana ruwan sama. Na tura wa iyayen yaran hoton. Yanzu akalla gida shida a Jos sun san sunansa.

Ya fita tun a rukuni. An haɗa shi da Li Shifeng na Sin, wanda ya ci zinare a Wasannin Asiya na Hangzhou, da Tobias Künzi na Suwizalan, duka biyun suka doke shi. A wasan ɗai-ɗai na Olamfik, na ɗaya kaɗai ke wucewa gaba daga kowane rukuni, babu na biyu mafi kyau. Na ji masu cewa an je an ba da kunya. Ban yarda ba. Mutum ya sha cin gasar zakarun Afirka, amma sau nawa a shekara yake samun abokin karawa irin Li Shifeng? Ɗan wasan Sin ko Indonesiya ko Denmak kullum safiya da irin waɗannan yake atisaye. Tun da aka fara ba da lambobi a badminton a Olamfik na Basalona a 1992, ƙasashen nan uku kaɗai suka taɓa cin zinaren maza na ɗai-ɗai. Maleshiya ma, da duk ƙaunar da take yi wa wasan, Lee Chong Wei sau uku yana zuwa wasan ƙarshe, 2008 da 2012 da 2016, sau uku yana komawa da azurfa.

Yau aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa. Na rufe sito sai ƙura ta lafa.

Litinin, 5 ga Agusta

An sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos da Bukuru. Dama ɗan ƙanwata a gidana ya kwana, saboda haka da rana muka zauna mu biyu a kan tabarma, waya jingine da filas, muka kalli wasan ƙarshe: Viktor Axelsen na Denmak da Kunlavut Vitidsarn na Tailan, zakaran duniya na 2023. Na ba shi takarda da biro na ce kada ya kalli shatil, ƙafar Axelsen kawai zai kalla, duk lokacin da ya koma tsakiya ya yi ɗan tsallen nan ya ja layi.

Axelsen ya ci 21-11, 21-11. Zinare na biyu a jere, abin da Lin Dan kaɗai ya taɓa yi a 2008 da 2012. Axelsen mutum ne mai tsayin mita 1.94, wanda a da ake ganin irin tsayinsa nakasu ne a ɗai-ɗai saboda wuyar sunkuyawa da juyawa. Guduma yana da ita, ta gaske ma. Amma sai ya ja Kunlavut gaba, ya mai da shi baya, ya tilasta masa ɗago shatil gajere, sannan ya sauke. Jiya ma a wasan kusa da na ƙarshe Lakshya Sen na Indiya ya kai 20-17 a turmin farko, ya kuma yi 7-0 a na biyu, duk da haka Axelsen ya cinye 22-20 da 21-14. Lee Zii Jia na Maleshiya ne ya ɗauki tagulla.

Takardar ta cika da layuka tun kafin a gama turmin farko. Bai ce komai ba. Bayan la'asar na hango shi a tsakar gida yana zuwa kusurwa yana dawowa tsakanin rijiya da igiyar shanya, matata tana ce masa ya yi hankali da tukunya.

Talata, 3 ga Satumba

Jiya Mariam Eniola Bolaji ta ci tagulla a gasar Olamfik ta nakasassu a Faris. Ita ce mutum ta farko daga Afirka da ta ci lambar badminton a Olamfik ko wace iri. 'Yata ta fari ta karanta labarin ta ce, "Baba, to mu me ya sa sito na maza ne kawai?" Ba ni da amsa mai kyau. Na ce ta nemo ƙawaye uku da malama ɗaya da za ta riƙa zama da su, a ba su safiyar Lahadi.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Jiya muka je Abuja. Wani abokina tun na jami'a yana koyar da yara a zauren wata makaranta a can, ya gayyace mu wasan sada zumunta. Na ɗauki huɗu. Bayan asuba muka tashi, da muka fara gangara Hawan Kibo ƙaramin ya ce kunnensa ya toshe, na ce ya haɗiye yawu. Ban san amsar duk abin da zai faru ce yaron ya faɗa mini ba.

Mun bi ta gaban babban filin wasa na ƙasa, wanda aka gina don wasannin 2003 aka kuma sa masa sunan Moshood Abiola a 2019, na nuna musu inda ciwon nawa ya samo asali.

Wasa takwas muka yi, aka ci mu bakwai. Bahago kaɗai ya ci ɗaya, da ƙyar. Ba cin ne ya dame ni ba, yadda aka ci mu ne. Doguwar da yarana ke bugawa a Jos ta sauka kan layin ƙarshe, har wani lokaci ta fita, a Abuja sai ta riƙa mutuwa tun kafin layin sabis na baya na bibbiyu. Yaran Abuja ba sa ma ja da baya sosai, suna tsaye kusa da tsakiya suna sauke mana guduma son ransu. Ɗan ƙanwata ya zo hutun maki 11 ya ce, "Kawu, shatil ɗinsu nauyi gare shi." Na duba kwalin. Lambar gudunsa 77 ce, irin wadda muke ajiyewa don wasa a gida.

Abokina ne ya warware mini, muna cin shinkafa. "Mutumina, kai da kake koyar da lissafi? Iskarku ce ta yaudare ku." Jos tana kan tudu kimanin mita 1,200 sama da teku. A wannan tsayi iska ta fi ta bakin teku sirantaka da wajen kashi ɗaya cikin goma. Shatil kuwa ba kamar ƙwallo ba ne, gashin nan birki ne, iska ce ke riƙe shi, shi ya sa yake fita da gudu ya mutu nan take ya faɗo kusan a tsaye. In iska ta yi siriri birkin ya ragu, sai ya yi nisa da ƙaramin ƙarfi. Zafin Abuja yana ɗan sirantar da tata iskar, amma bai kai ya cike gurbin gangaren da muka sauko ba. Wata biyar ke nan yarana suna buga doguwa da rabin hannu tana isa, ni kuma ina tafa musu.

Na san wannan a takarda tun ina ɗalibi. Ban taɓa haɗa shi da sitona ba. Kunya ta hana ni gama shinkafar.

A hanyar dawowa na ba su wani labarin marar daɗi: ranar Talata aka sanar da wasanni goma da za a yi a gasar ƙasashe renon Ingila ta 2026 a Gilasgo, babu badminton, wasan da ba a taɓa cirewa ba tun 1966. Saura Wasannin Afirka na 2027 a Masar da Olamfik na 2028 a Amurka. Duk sun yi barci kafin Akwanga.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Gwajin da ya kamata in yi tun ranar farko. Dokar wasa ta tanade shi: ka tsaya a layin ƙarshe, ka buga shatil daga ƙasa da cikakken ƙarfi, ya tashi sama ya bi tsawon fili. Mai gudu daidai zai sauka tsakanin santimita 53 da 99 kafin ɗaya layin ƙarshen. Na sa alama biyu da alli. Lamba 77 guda shida na buga, huɗu suka wuce alamar, biyu har waje.

Lambobin daga 75 zuwa 79 suke, ƙaramar lamba ita ce marar gudu, ita ake amfani da ita a tudu da wuri mai zafi. Na roba da muke atisaye da shi kullum, Yonex Mavis, shi ma kala uku ne: mai koren zobe marar gudu, shuɗi matsakaici, ja mai gudu. Shuɗi na yi ta saye. Na aika wa abokina ya nemo mana mai kore da lamba 75 ko 76, don a nan duk shagon da na shiga ba a ma san akwai bambanci ba.

Kafin su iso mun koma dabarar tsofaffin 'yan wasa: a lanƙwasa ƙarshen gashin waje da farce, a tsallake ɗaya a lanƙwasa ɗaya. Bakin ya ƙara buɗewa, gudu ya ragu. Yau doguwar kowa ta mutu a tsakiyar fili, kamar a Abuja. Sai yanzu za a koyi juya kafaɗa da kugu da murza hannu a kan lokaci. Ƙaramin ya kusa kuka. Ɗan ƙanwata kuwa, a karon farko, ƙarfinsa ya sami inda zai yi amfani.

Asabar, 21 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙarfinsa. Ƙarfe bakwai na safe yara suna zuwa da rigar sanyi da safar hannu, sai mun yi minti ashirin muna ɗumama jiki kafin a taɓa raket. Bushewar iska tana karya gashi kamar karan dawa, kwali mai 12 da ke kai mu mako biyu ya ƙare a kwana uku. Yanzu daren jajibirin wasa nakan buɗe kwalin ta baki biyu, in kara shi a tururin buta na ɗan lokaci, in rufe ya kwana. Gashin ya yi laushi, ya daɗe. Kada dai tururin ya jiƙa toshiyar, in ta sha ruwa nauyi ya canza. Matata ta ce in sayi butata.

Mai koren zobe ya iso, da na gashi lamba 76 kwali biyu. Na sake gwaji, biyar cikin shida sun sauka tsakanin alamomin.

Yau aka sake haɗuwa, ɗan ƙanwata da bahago. Bahago ya sake ci, 21-18, 17-21, 21-19. Na ƙirga guduma tara kawai ɗan ƙanwata ya sauke a duk wasan, shida suka ci. Akwai bugun da suka yi musaya sau 31 kafin ya faɗi, 'yan matan Lahadi da suka zo kallo suna ihu. Raunin da ya rage masa kusurwar baya ta hagu ce, yana isa a makare ya juya bayan hannu, shatil ya tashi gajere. Bahago ya san da haka, can yake aika masa duk lokacin da maki ya matse. Aikin Janairu ke nan.

Biyu suna kukan gwiwa. Siminti ne, a manyan gasa tabarmar roba ake shimfiɗawa a kan daɓen katako mai ɗan lotsawa. Na je Kasuwar Katako na tambayi kuɗin falanki, na dawo ban saya ba. Na rage tsalle-tsalle zuwa sau biyu a mako.

Bayan an tashi Alhaji ya kira ni gefe. Wani ɗan kasuwa yana son siton ya zuba albasa, da kuɗi a hannu, kuma shi ma yana da iyali. Ya ce ya roƙa mana zuwa ƙarshen Fabrairu. Na yi masa godiya, don wata tara bai karɓi ko kwabo ba. Mun sa ranar komawa Abuja a tsakiyar Fabrairun, kafin azumi. An kwatanta mini wani tsohon zaure ta wajen Gangare, an ce rufinsa ya fi wannan tsayi amma tagoginsa duk a fashe suke. Ranar Litinin zan je da tef in auna.